Dan Allah masu ilimin AI, kwamfuta ba ta fi ma'aikaci adalci ba wajen rabon tallafi?

Ummu_Aiman

Assalamu alaikum 'yan uwa da fatan an wuni lafiya. Ina digiri na biyu ne a fannin gudanar da mulki, malamin da ke duba aikina ya ce in yi rubutu a kan yadda gwamnatoci ke amfani da ƙirƙirarriyar basira wato AI a ayyukan jama'a, kamar tantance waɗanda za a ba tallafi ko gano masu damfara ko a kotu da asibiti. To na fara karance-karance sai na ga masu binciken nan na jami'o'in Turai da Amurka kusan duk kuka ɗaya suke yi, wai na'urar tana nuna wariya, wai sai an gina ta yadda mutum ne a gaba ita tana biye. Ni kuma gaskiya abin bai shige ni ba tukunna shi ya sa na kawo shi nan.

Mu ai abin da ya dame mu shi ne mutumin. Duk wanda ya taɓa ganin rabon taki ko shinkafa ko kuɗin tallafi a unguwarsu ya san yadda ake rubuta sunaye, wa ka sani wa ya san ka, mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya, ga bazawara da marayu biyar tana zaune a gida ba wanda ya tuna da ita. Kwamfuta kuwa ba ta da ƙani ba ta da suruki, ba ta karɓar na goro, ba ruwanta da jam'iyyarka. To ta ina wariyar take shigowa? Kuma akwai inda abin ya faru da gaske har aka cuci mutane, ko dai hasashen malaman jami'a ne kawai? Dan Allah wanda ya sani ya yi min bayani da misali, don ba na son in kwafi abin da ni kaina ban gamsu da shi ba.

Abba_a_Holan

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Ba hasashe ba ne wallahi, ni a Holan nake karatu kuma a ƙasar nan abin nan sai da ya kayar da gwamnati sukutum.

Su nan gwamnati tana taimaka wa iyaye masu aiki da kuɗin gidan renon yara, a lokacin hukumar haraji ce ke biya. A 2013 aka bankaɗo wata damfara inda wasu 'yan Bulgeriya suka zo suka yi rajistar adireshi suka riƙa karɓar kuɗaɗen tallafi alhali ba sa zaune a ƙasar, 'yan majalisa suka harzuƙa aka ce a matse kowa. Hukumar ta kawo wani tsari na kwamfuta mai ba kowace takardar neman tallafi maki, wadda makinta na zargi ya yi sama a ware ta a bincika. Cikin abubuwan da aka ɗora masa har da ko mutum ɗan ƙasa ne ko a'a, kuma masu ƙaramin albashi su suka fi faɗawa. Har akwai lokacin da aka ware masu neman tallafi 'yan Gana don a bincike su saboda ƙasarsu kawai.

Inda abin ya yi muni shi ne bayan an ware ki. Kuskure ƙarami, a ce ba a sa hannu a wata takarda ba ko ba ki cika biyan ɗan kason da ke kanki ba, sai a ce ki dawo da duk abin da aka taɓa ba ki na shekaru, dubun dubatar Yuro, kuma in aka manna miki tambarin cewa da gangan kika yi ba za a yarda ki riƙa biya daidai ƙarfinki ba. Mutane sun rasa gidaje, aure ya mutu, wasu ma daga baya an raba su da 'ya'yansu saboda halin da bashin ya jefa gidan. Iyaye kusan 26,000 aka fara lissafawa, da yawansu 'yan asalin waje ne. Kwamitin majalisa ya fitar da rahoto a Disamba 2020, ranar 15 ga Janairu 2021 gwamnatin firaminista Mark Rutte ta yi murabus, tun kafin murabus ɗin an yanke ba kowane gida da abin ya shafa aƙalla Yuro 30,000, a ƙarshen 2021 kuma hukumar kare bayanai ta ci hukumar haraji tarar Yuro miliyan 2.75 kan amfani da bayanan ƙasar asali.

Kafin nan ma akwai wani tsarin mai suna SyRI da ke haɗa bayanan mutum daga hukumomi daban-daban, haraji da gida da aiki da sauransu, a unguwannin talakawa aka riƙa gwada shi, wata kotu a birnin Hague ta haramta shi a Fabrairu 2020 ta ce ya keta haƙƙin sirrin rayuwa kuma ba a bayyana yadda yake aiki ba.

Kin yi gaskiya ba ta da suruki. Amma zargin da ke zuciyar waɗanda suka gina ta shi take ɗauka ta shafa wa dubban mutane a rana ɗaya, kuma abin da ya fi ci min rai shi ne iyayen nan sun yi shekaru ba su ma san me ya sa aka zaɓe su ba, in sun nemi fayil ɗinsu sai a turo musu takardu an goge rabi da baƙin tawada. Kansila in ya cuce ki kin san gidansa kin san wanda za ki kai wa ƙara, wannan fa ba ki san wa za ki kama ba.

Malam_Lissafi

Malama tambayarki ta ta ina wariyar ke shigowa ita ce asalin binciken gaba ɗaya, bari in gwada.

Ita na'urar ba ta san gaskiya ko ƙarya ba, tsofaffin fayiloli ake ba ta a ce ga waɗanda muka kama da laifi a baya ga waɗanda ba mu kama ba, nemo min masu kama da na farkon. To in a baya ma'aikata sun fi bincikar wani ɓangare na jama'a dole a can za a fi samun "masu laifi" a rubuce, sai ta koyi haka ta tura a ƙara bincikarsu, a ƙara kamawa, a ƙara ba ta ta koya. Ko kin cire ƙabila daga bayanan ma ba kin tsira ba ne, unguwa da suna da yaren da mutum ke ji duk suna tona ta. A birnin Rotterdam na Holan 'yan jarida sun samu tsarin birnin na gano masu damfarar tallafi a hannu suka gwada shi suka buga a 2023, suka ga mace matashiya mai yara wadda ba ta iya yaren ƙasar sosai ba makinta na zargi yana hawa.

Akwai bincike guda da nake so ki nema, na Ziad Obermeyer da abokan aikinsa a mujallar Science a 2019. Wani tsari ne da asibitocin Amurka ke amfani da shi su zaɓi marasa lafiyar da za a ba kulawa ta musamman, ba a saka launin fata a ciki ba sam. Sai dai maimakon ya auna tsananin ciwo sai aka sa shi ya yi hasashen kuɗin da za a kashe wa mutum a magani, da tunanin mai ciwo sosai shi ke cin kuɗi sosai. Alhali baƙar fata a can ana kashe musu kuɗi ƙasa da fararen da ke da ciwo irin nasu, saboda talauci da wahalar zuwa asibiti da sauran dalilai. Sai na'urar ta ɗauka sun fi lafiya. Masu binciken suka lissafa cewa in aka gyara, kason baƙaƙe cikin waɗanda ake zaɓa zai tashi daga kashi 17.7 zuwa 46.5 cikin 100. Ba wanda ya zauna ya ƙulla mugunta a nan, abin da aka zaɓa a auna ne ya karkace.

Sai kuma na kotunan Amurka, mai suna COMPAS, wanda ke hasashen ko wanda aka kama zai sake laifi. A 2016 kafar labarai ta ProPublica ta duba bayanan wata gunduma a Florida ta ga cikin waɗanda ba su sake laifi ba, baƙaƙe kusan kashi 45 an yi musu tambarin masu hatsari, farare kuma kusan 23. Kamfanin da ya ƙera shi ya ce a'a tsarinmu adali ne, don maki ɗaya ma'ana ɗaya yake da ita ko ga fari ko ga baƙi. Abin mamakin shi ne duka biyun lissafinsu daidai ne. Daga nan su Jon Kleinberg da abokansa, da Alexandra Chouldechova a nata ɓangaren, suka tabbatar da lissafi cewa muddin yawan kamun ya bambanta tsakanin ɓangarorin biyu kuma hasashen ba cikakke ba ne, ba zai yiwu ka cika ma'aunan adalcin nan duka a lokaci guda ba, sai ka zaɓi ɗaya. Ni a wurina wannan shi ne babban darasin ga ke mai karatun mulki, zaɓin nan ba na injiniya ba ne, tambaya ce ta wa zai ɗauki nauyin kuskure in an yi shi, kuma jama'a da wakilansu ne ya kamata su amsa ta a fili ba a bar wa ɗan kwangila a ɗaki ba.

Bakatsine_Na_Asali

Ni fa ina bayan Ummu Aiman. Duk misalan da kuka kawo na ƙasashen da ma'aikatansu ke aiki ne kuma na farautar masu laifi ne, mu kuma matsalarmu a samo mabuƙaci a ba shi. Ku duba Togo mana da ke nan Afirka ta Yamma. Lokacin korona a 2020 suka yi shirin Novissi, mutum ya danna *855# a ƙaramar wayarsa ya sa lambar katin zaɓe, kuɗi su shigo masa ta waya, kuma mata ma an ɗan fi ba su. Da za a kai shi karkara sai suka haɗa kai da masu bincike na jami'ar Berkeley da ƙungiyar agaji ta GiveDirectly, aka yi amfani da hotunan tauraron ɗan Adam aka ware gundumomi 100 mafiya talauci, sannan aka duba yadda mutum ke amfani da waya, yawan kira da tsawonsa da sayen data da tura kuɗi, aka yi hasashen wa ya fi talauci. Ba mai unguwa ba kansila ba layi a rana. An buga sakamakon a mujallar Nature a 2022 kuma ya nuna ya rage barin mabuƙata a baya da kashi 4 zuwa 21 in aka gwada da rabo ta yanki kawai. To wannan fa? Wallahi da ni aka tambaya na fi yarda da wannan sau dubu a kan takardar da aka rubuta a zauren wani.

Hadiza_Damagaram

Malam Bakatsine na ji daɗi da ka kawo Togo, amma ka ƙarasa karatun takardar mana. Su kansu Emily Aiken da Joshua Blumenstock da suka rubuta sun ce in aka gwada da cikakkiyar rajistar gidaje wadda aka bi gida gida aka yi, hanyar wayar ta fi ta barin mabuƙata da kashi 9 zuwa 35. Togo ba ta da irin wannan rajistar a lokacin kuma ana cikin gaggawa, shi ya sa ta yi amfani, ba su ce ta maye gurbin zuwa wurin mutane ba.

Ni aikina kenan shiga ƙauyuka ɗaukar bayanai, kuma abin da nake gani kullum shi ne gida guda waya guda, a aljihun maigida take, layin da sunansa. Mata biyu ko uku a gidan kowace da 'ya'yanta da halin da take ciki, na'ura kuwa mutum ɗaya take gani. Tsohuwar da ba ta da waya sam sai ta aiki jika ya je kasuwa ya kira mata ɗanta a wayar mai caji, ita a wurin irin wannan tsarin babu ta a duniya, alhali ita ce ta fi kowa buƙata. Sannan mai sana'ar caji da tura kuɗi wayarsa kullum cikin aiki take, sai ya fito kamar mai hali ko da abincin dare bai da shi.

Na taɓa tsayawa a wani ofishi ana tantance tsofaffi da zanen yatsa, wani dattijo manomi ya ɗora babban yatsa fitilar ta yi ja, yarinyar da ke kan na'urar ta ce Baba goge a rigarka, ya goge, ta ce shafa a goshinka ko zai ɗan samu maiƙo, ya shafa ya sake ɗorawa ja, aka bi yatsun nan goma ɗaya bayan ɗaya duk fartanya ta cinye zanen. Ta san shi, 'yar garinsu ce, tana kiransa da sunansa, amma ta ce Baba ka yi haƙuri ba ni da inda zan danna in wuce da kai. Ya ɗauki sandarsa ya fita. A Indiya masu bincike irin su Jean Drèze da Reetika Khera sun daɗe suna rubutu a kan irin wannan a rabon hatsi na jihar Jharkhand bayan an haɗa shi da zanen yatsa.

Ban ce a koma wa takardar zaure ba Allah ya kiyaye. Cewa nake duk tsarin da za a kawo a fara tambayar wa ba ya gani, kuma a bar wa yarinyar nan wurin dannawa.

Ummu_Aiman

Allah ya saka da alheri gaba ɗaya, Yaya Hadiza labarin dattijon nan ya tsaya min a rai. To amma kin ga mun dawo inda muka fara, in aka ba ma'aikaci damar tsallake na'ura ai gobe da ita zai shigar da ɗan uwansa. Kuma a takardun da nake karantawa kowa cewa yake a sa mutum ya riƙa duba hukuncin na'ura, Malam Lissafi wannan ɗin yana aiki kuwa ko dai faɗa ce kawai?

Malam_Lissafi

Shi kaɗai ba ya wadatarwa Malama. A Holan ɗin ma ai mutane ne ke duba fayilolin da na'ura ta ware, amma ba a gaya musu dalilin makin ba kuma doka da shugabanninsu sun ce su tsananta, har babbar kotun harkokin mulki ta ƙasar ta yi shekaru tana goyon bayan hukumar kafin ta sauya matsayi a 2019. Ben Green na jami'ar Michigan ya bi dokoki da manufofi da dama masu cewa a sa mutum ya sa ido, ya nuna cewa mutane sukan bi na'ura ido rufe ko su saɓa mata a inda bai kamata ba, sai dokar ta zama mafakar hukuma, in abu ya ɓaci a ce ai ma'aikaci ne ya sa hannu.

Ki duba Ostireliya, abin da suke kira Robodebt, wanda ba ma AI ba ne lissafin rabawa ne kawai. Tallafin marasa aiki duk sati biyu ake lissafa shi, sai suka ɗauki kuɗin da mutum ya samu a shekara daga hukumar haraji suka raba gida 26. Wanda ya yi aikin wata uku irin na cin rani sauran wata tara yana zaune, sai lissafi ya nuna wai duk shekara yana samun kuɗi, a aiko masa da takardar bashi kuma a ce shi zai nemo takardun albashin shekarun baya ya wanke kansa. Dubban ɗaruruwan mutane aka yi wa haka daga wajen 2016 zuwa 2019, daga baya aka tabbatar haramun ne a doka, kwamitin bincike ya fitar da rahoto a Yuli 2023. Abin da ya yi ɓarna a nan shi ne juya nauyin kawo hujja ya koma kan talaka.

Amsar damuwarki ita ce a ba ma'aikaci damar amma a rubuce, duk wanda ya tsallake da shi a ga sunansa da dalili da rana, wani daban ya riƙa bibiya, in aka ga mutum ɗaya kullum 'yan layinsu yake wucewa da su zai fito fili. A nan kam kwamfuta tana da amfani ƙwarai. Kanada tun 2019 ta wajabta wa ma'aikatun tarayya cike takardar auna illa kafin su kafa irin wannan tsari, Amsterdam da Helsinki sun buɗe rajista a 2020 inda kowa zai ga tsarukan da birni ke amfani da su, dokar AI ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a Agusta 2024 ta sa tantance masu cin tallafi cikin rukunin masu babban hatsari. Mu ma dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 a sashe na 37 ta ba mutum haƙƙin kada a yanke masa hukunci mai nauyi da na'ura zalla, sai a wasu yanayi da ta keɓe, tare da damar neman mutum ya duba da ƙalubalantar hukuncin. Da ni ne ke a nan zan kafa bincikena, in je in tambayi waɗanda sunansu bai fito a wani shirin tallafi ba, an gaya musu dalili? sun san inda za su kai koke? wanda ya kai me ya faru?

Abba_a_Holan

Ki ƙara da wannan 'yar uwa don kada a ce ba ki kawo ɓangaren masu ƙoƙari ba. Bayan duk abin da ya faru birnin Amsterdam ya ce shi zai yi nasa bisa ƙa'ida, suka gina tsarin tantance masu neman tallafi, suka cire abubuwan da ke nuna asali, suka kira masana suka gwada. Gwajin farko ya nuna yana yawan zargin baƙi bisa kuskure, suka daidaita lissafin, da aka sa shi aiki na gwaji a 2023 sai ya juya ya koma yawan zargin 'yan ƙasa da mata, ƙarshe birnin ya ajiye shi. Majalisar masu karɓar tallafin da aka tuntuɓa kuwa tun farko ta ce ba ta so, hujjarsu ita ce masu damfarar 'yan ƙalilan ne, me ya sa za a fara kallon kowa da zargi tun ranar da ya miƙa takarda.

Malam Bakatsine ka lura na Togo neman wanda za a ba yake yi, waɗannan kuma neman wanda za a kama, ina ganin ya kamata Ummu Aiman ta raba su babi biyu, don kuskuren na farko hana mutum haƙƙinsa ne na biyun kuma ɗora masa laifi da bashi. In kina so zan turo miki rahoton Amnesty na 2021 kan lamarin iyayen nan na Holan, da Turanci yake kuma bai da tsawo sosai.